Baƙin Bindiga Da Jar Tsatsa

Duk wanda ya taɓa cin damina guda a ƙasar Zangon Kataf, ko Kagoro, ko Kafanchan, ya san ba a barin ƙarfe ya kwana a waje. Ruwa ya kan sauka tun cikin watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sosai sai Oktoba ta yi nisa, kuma ko ranar da ba a yi ruwa ba, hazo ya kan gangaro daga duwatsun Kagoro ya kwanta a kan kome. Fartanyar da aka manta a gindin rumbu da maraice, kafin gari ya waye ta yi ja. Kwaɗo ya kan cije a jikin ƙyaure, ƙusa ta riƙa zubar da jan hawaye a kan katako. To, a irin wannan ƙasa ce maharba su ke ajiye bindigoginsu, waɗansu ma gādonsu suka yi tun daga kakanni, amma sai ka ga bindigar baƙa wuluk, tana sheƙi kamar rawanin ɗan Kura. Wanda ya je Kagoro ran 1 ga Janairu, ranar bikin Afan, sa'ad da maharba su ke fitowa da kayan aikinsu, zai ga abin da na ke faɗi. Zai kuma ga waɗansu bindigogin da suka yi dabbare-dabbare, nan fari, can ja, kamar jikin mai ƙyasfi.

Mutane da yawa suna tsammanin wannan baƙi fenti ne, ko kuwa wani rini da a ke shafawa. Turawa kuwa a harshensu shuɗi su ke kiransa, domin in ka karkata ƙarfen ga hasken rana za ka ga wani shuɗi-shuɗi a cikinsa. Mu da mu ke kiran rigar da ta sha baba baƙar riga, ba mu da dalilin yin gardama da su a kan launi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, wannan baƙi shi kansa tsatsa ne. Na daɗe ina jinjina wannan magana kafin ta zauna mini, amma haka abin ya ke. Masana kimiyya sun nuna cewa in ƙarfe ya haɗu da iska, iri biyu na tsatsa ya kan iya haifarwa. Akwai ja, wadda kowa ya sani, mai kumbura tana ɓarɓashi, tana riƙe ruwa kamar soso, tana ci gaba da cin abin da ke ƙarƙashinta har ta huda shi. Akwai kuma baƙa, wadda ta ke manne wa ƙarfe kam, ba ta kumbura, ba ta ɓarewa. Ita ce irin baƙin yashin nan da yara su ke jawowa da mayen ƙarfe a bakin rafi. Gwanintar mai baƙanta bindiga ita ce ya sa ƙarfe ya yi baƙar tsatsa tun kafin ja ta samu wurin zama. Da ɗan gari a kan ci gari.

Sai dai wannan riga ta baƙi siririya ce ƙwarai. Kaurin gashin kai guda ya ninka ta sau ashirin ko fiye. Kuma ita kaɗai ba ta iya tare ruwa, domin tana da 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Amfaninta shi ne ta sha mai ta riƙe shi, man ne ke korar danshi. Ranar da mai ya ƙare a jikinta, ranar ce ta fara mutuwa.

Wanda ya fara buɗe mini ido a kan abubuwan da ke ɓata ta wani tsohon sajan ne na 'yan sanda, wanda ya yi shekaru yana riƙe da ɗakin ajiyar makamai kafin ya yi ritaya ya koma gida kusa da Zonkwa. Na je wurinsa neman wani labari ne dabam, hira ta kawo mu nan. Ya ce a zamaninsu, in hafsa ya dawo da libarba bayan an yi wata guda tana rataye a ƙugunsa, shi ba ya bukatar ya tambaye shi ko ya kula da ita, jikinta ne zai ba da shaida. Bakinta da gefen tulun harsashi za su yi fari, saboda gugar kube wajen zarewa da mayarwa. Wannan, in ji shi, ba laifi ba ne, tsufa ne, kamar furfura. Amma in ya ga zanen yatsa ja a jikin ƙarfen, sai ya san mutumin ya riƙe ta da hannu mai zufa ya mayar cikin kube bai goge ba. Na ce, “Baba Sajan, zufa kawai?” Ya ce, “Ɗana, lasa hannunka ka ji. Gishiri ne. Akwai mutumin da in ya taɓa ƙarfe da safe, kafin la'asar za ka ƙirga layukan yatsansa a jiki.”

Shi kuben ma da a ke ganin shi ne mai tsaron bindiga, sau da yawa shi ne ɓarawon cikin gida. Fata tana shan laima ta riƙe, kuma abin da aka jeme ta da shi yana da tsami. Duk wanda ya zauna da dukawa ya san yadda su ke samun baƙin da su ke yi wa fata ado da shi, watau kuloko. Kashin maƙera ko guntayen ƙarfe su ke jiƙawa, in suka shafa ruwan a kan fatar da aka jeme da bagaruwa, nan take ta yi baƙi. Ashe ke nan bagaruwa da ƙarfe ba sa haɗuwa su rabu lafiya. In ka leƙa cikin tsohon kuben wuƙa ko na bindiga ka ga baƙin tabo, to, jikin ƙarfen ne ya narke ya shiga fata. Saboda haka Sajan ya ce dokarsa ta farko ita ce, bindiga ba ta kwana cikin kube. Haka nan ba ta kwana a nannaɗe cikin bargo ko buhu a ƙarƙashin gado, inda galibin mutanenmu su ke ganin ya fi asiri, domin ƙasan ɗaki shi ne wurin da danshi ya ke taruwa da damina.

Ga maharbi kuwa akwai ƙarin abokan gāba biyu. Na farko jini, wanda shi ma gishiri ne da ruwa. Ɗigo guda na jinin gada ko zomo in ya kwana a jikin bindiga, ya kan bar farin tabo wanda ba ya gogewa. Na biyu tokar albarushi. Bindigar toka, wadda waɗansu ke kira adaka, in an harba ta, ta kan bar wata dauɗa a ciki da kewayen kunama, mai jawo laima daga iska kamar yadda gishiri ke jiƙewa a cikin kwano da damina. Mai bai isa ya wanke wannan dauɗa ba, sai ruwan zafi, sa'an nan a busar da ƙarfen sarai, sa'an nan a sa mai. Tsofaffin maharba sun san wannan tun ba su ji sunan kimiyya ba. Da rani kuma, ƙurar hunturu ta kan kwanta ta shanye man, in aka zo aka goge da busasshen tsumma sai ta zama kamar samfefa.

Amma ɓarnar da ta fi kowace yawa, a ganina, mai bindigar ne da kansa ya ke yin ta, da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga ja ya ɓullo, hankalinsa ya tashi, sai ya tuna yadda matarsa ta ke fitar da tsatsar tukunya, ya nemo lemon tsami, ko ruwan tsamiya, ko ma lemon kwalba, ya shafa. Lalle tsatsa za ta fita. Baƙin ma zai bi ta, gama tsami bai san bambancin jar tsatsa da baƙa ba, duk abincinsa ne. Wani kuma ya ɗauki samfefa, ko soson ƙarfen wanke-wanke, ko toka da yashi, ya dirje wurin har ya yi fari fat, ya koma gefe yana murna. Bayan kwana uku wurin zai fi dā ja, domin ya tuɓe wa ƙarfen riga ya bar shi tsirara, ya kuma yi masa kurji dubu inda ruwa zai kwanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In tsatsar ba ta wuce sama-sama ba, gyaranta haƙuri ne kawai. A tabbata babu kome a cikin bindigar tukuna. A jiƙa wurin da mai marar kauri, irin na keken ɗinki, a bar shi ya kwana. Kashegari a goge da tsumma mai kaushi, ko da soson ƙarfe mafi laushi, wanda masu aikin katako su ke amfani da shi wajen ƙarasa aiki, a hankali, ba tare da dannawa ba, ana yi ana ƙara mai, ana share jan da ya fito don kada shi ma ya zama abin kurji. Inda tsatsa ta yi ɓawo, Sajan ya nuna mini wata dabara da ta ba ni sha'awa. Ya ɗauko tsohon kwabo, irin jan nan da aka fitar tare da Naira a shekarar 1973, ya ce da gefensa a ke kankarewa. Tagulla ba ta kai ƙarfen bindiga tauri ba, saboda haka ta kan ɗauke ɓawon ta bar baƙin, ɗan jan zanen da ta bari kuwa mai ya kan share shi. Kwabon da ba ya sayen kome a kasuwa yau, ga shi yana da sauran aiki.

In kuwa baƙin ya riga ya tafi, sai a sāke shi, a nan ne hanyoyi suka rabu. A manyan masana'antun ƙasashen waje, a kan goge ƙarfen ne ya yi sumul, a wanke duk wani maiƙo, sa'an nan a tsoma shi cikin tafasasshen ruwan soda mai ƙarfi da waɗansu gishirai, a zafin da ya kai wajen digiri 140, kafin rabin sa'a ya fito baƙi ƙirin. Wannan ba aikin gida ba ne, ɗigo guda ya isa ya makantar da mutum, kuma ruwan ya kan cinye dalma, har bindiga mai baki biyu wadda aka haɗa bakunanta da dalma ta kan rabu gida biyu a ciki. Akwai kuma ruwan kwalba da a ke sayarwa, wanda a ke shafawa da auduga ba tare da wuta ba. Yana rufe ɗan kurji, amma launin da ya ke bayarwa ba ya daɗewa, ba ya tare tsatsa sosai, ga shi kuma guba ne. Ban ga laifinsa ba in an san iyakarsa.

Hanyar da ta fi tsufa, wadda har yanzu masu bindigogi masu tsada a Ingila su ke biyan kuɗi mai yawa a yi musu, ita ce ta fi kama da abin da na gani a maƙerar wani dattijo a ƙasar Zango. Ba bindiga ya ke yi wa ba ran nan, wuƙar farauta ce, amma ya ce aikin ɗaya ne. Ya wanke ta da ruwan toka har ba sauran maiƙo, daga nan bai ƙara taɓa ta da hannu ba sai da awartaki. Ya shafa mata ruwan gishiri da ɗan tsami, ya rataye ta a inuwa inda akwai laima, da gangan, don ta yi tsatsa. Da gari ya waye ta yi ja kamar garin barkono, sai ya jefa ta cikin tukunyar ruwan sama mai tafasa. Ina tsaye ina kallo, jan nan ya juye ya zama baƙi. Ya fitar, ya goge ƙurar da ke sama, ya sāke shafawa, ya sāke ratayewa. Na ce, “Baba, sau nawa za a yi?” Ya ce, “Har sai ƙarfen ya ƙoshi. Wani sau biyar, wani sau goma. Ranar da ka shafa ya ƙi yin ja, ya ƙoshi ke nan, sai ka ba shi mai ya sha.” Na ce ai wannan aikin mako guda ne. Ya dube ni ya ce, “Yaro, shi ya sa ba wanda ke son biya.”

Ga ƙananan abubuwa kamar ƙusa da zobe da kunama, wuta ya ke amfani da ita. Ya kan ɗora ƙarfen a kan garwashi yana kallon launinsa yana sauyawa, daga ruwan kara, zuwa ja-ja, zuwa irin na wuyan tantabara, da ya kai shuɗi sai ya tsoma shi cikin man gyaɗa. Amma ya gargaɗe ni da kakkausar murya, ya ce duk maƙerin da ya sa dogon bakin bindiga a wuta don neman launi, ya ci amanar mai ita, domin wuta tana sauya taurin ƙarfe, kuma wurin da albarushi ke tashi ba wurin gwaji ba ne.

Wannan sani ba baƙo ba ne a ƙasar. Garin Nok, wanda sunansa ya zaga duniya saboda gumakan yumɓun da aka fara tonowa a can a 1928, yana nan kudancin Kaduna, kuma matoyan tama da Bernard Fagg ya tono a Taruga sun nuna cewa mutanen wannan yanki suna narka ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Bindiga ce ta zo daga baya. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Dubi yadda zamani ya juya wannan suna. Dā in an ce 'yan bindiga, mutanen Sarki a ke nufi, masu buga adaka ranar hawan salla yara suna toshe kunne suna dariya. Yau in an faɗi kalmar sai gaban mutum ya faɗi.

Abin da ba ya gyaruwa shi ne rami. In jar tsatsa ta daɗe har ta ci ƙarfe ta bar 'yan ramuka kamar zanzana, babu mai, babu ruwan kwalba, babu maƙerin da zai mayar da abin da ya tafi. Iyaka a goge kewayen a rage kaurin ƙarfen, ko a bar shi da tabonsa. A nan ne marasa tsoron Allah su ke shigowa. Na san wani maharbi, ƙanen maƙwabcinmu, mai 'ya'ya huɗu, wanda ya sayi bindigar toka a hannun wani mutum a wata kasuwar ƙauye. Baƙa ce sumul, kyan ɗan maciji. Ashe an cike ramukanta ne da abin cikin da masu gyaran jikin mota su ke amfani da shi, aka bi da baƙin fenti, aka shafa baƙin mai a kai don ta yi kama da tsohuwar da ta sha kulawa. Cikinta kuwa, inda ido ba ya kaiwa, tsatsa ta riga ta cinye rabin kaurin. A fita ta uku ta tsage a hannunsa. Allah ya yi da sauran kwana, amma yatsu biyu na hannun hagu sun tafi, kuma da wannan hannun ya ke riƙe ƙotar garma. Wanda ya sayar masa, har yau ba a sāke ganinsa a kasuwar ba.

Da na ba dattijon maƙerin wannan labari, bai yi mamaki ba. Ya ce dā babu maharbin da zai sayi bindiga bai kawo ta maƙera an duba ba. Katafawa da Kajawa da Hausawa, duk a gindin zuga-zuginsa su ke haɗuwa in kaka ta yi, kowa da tasa a kafaɗa, ana ba'a ana jiran layi. Zango kuwa tun asali masaukin fatake ne, inda fatake su ke kuwa dole a samu maƙeri. Amma tun rikicin watan Fabrairu da na Mayu 1992, wanda ya tashi a kan batun mayar da kasuwa wani wuri, aka yi hasarar rayuka masu yawa, abin ya canza. Rigingimun da suka biyo baya, har da na bayan zaɓen 2011 a Zonkwa da Kafanchan, suka ƙara tsananta shi. Maƙerin da aka ga bindiga a rumfarsa, ko da goge tsatsa ya ke yi, zai kwana yana amsa tambaya, in ba a wurin hukuma ba, to, a wurin maƙwabta. Ya ce shi ya daina karɓa, 'ya'yansa kuma walda suka koya, suna ƙera ƙofofi da tagogi a Kafanchan, babu wanda ya tsaya ya koyi ratayar ƙarfe a inuwa.

Ban ga laifin hukuma ba don ta sa ido, gama an kama masu ƙera makamai a ɓoye a wurare da dama, kuma jinin da aka zubar a kudancin Kaduna ya isa. Dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku. Libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu suna cikin waɗanda aka haramta, sai da iznin Shugaban Ƙasa. Bindigar harbin tsuntsu, Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinta. Bindigar toka kuwa tana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Gyaran bindiga ma dokar ta ce sai da izni. Abin da na ke gani shi ne, ƙofar iznin nan da doka ta bari ta yi wa maƙerin ƙauye nisa, shi kuwa maharbi bai daina farauta ba, manomi bai daina korar birai daga gonarsa ba. Bindigogin suna nan, sun dai koma ƙarƙashin gado cikin bargo, inda laima ta fi yawa, kuma ba mai duba su sai mai fenti. Da za a yi wa maƙeran da aka sani rajista ta hannun hakimai da dagatai, kowace bindiga da ta zo gyara a rubuta sunan mai ita da lambar lasisinsa, da hukuma ta san abin da ke ƙasarta fiye da yadda ta sani yanzu, da kuma an rage masu zuwa asibiti da hannu a nannaɗe.

Kafin na bar maƙerar na roƙi dattijon ya faɗa mini yadda mutum zai gane bindigar da aka yi wa fenti, ko don masu karatu. Ya ce a ɗiga ɗan fetur a tsumma a murza a wani lungu. Baƙin gaskiya ba ya bin tsumma, fenti kuwa ya kan yi laushi ya bar alama. A duba rubutu ko lambar da aka buga a jiki, in gefunansu sun cike sun yi dumɓu, an shafa wani abu a kai. A bi jikin da mayen ƙarfe, inda aka cike rami da abin da ba ƙarfe ba, kamunsa zai yi rauni. Sa'an nan, bayan an tabbata ba a ɗure ta ke ba, a nannaɗa farin ƙyalle a kan sandar ɗuri a zura har ƙasa a juya. In ya fito da baƙin toka kawai, da sauƙi. In ya fito ja, ko zarensa ya kakkama a hanya kamar ya bi ta cikin ƙaya, ya ce a miƙa wa mai ita kayarsa, ko da kyauta ya ce a ɗauka.